Zayyanar Hannu da Zayyanar Ɗab'i: Hanyoyin Bambance Su a Littattafan Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Idan malami ya rasu a ƙasar Tambuwal ko Kebbe, aka zo rabon gado, akan fito da littattafansa daga adaka da gafaka a shimfiɗa a gaban magada. A cikinsu akan sami Alƙur'ani warwarau, watau wanda ba a ɗinke takardunsa ba, da baƙaƙe manya, da wasulla ja, da zayyana mai launi a gefen shafi. Magada sukan ce rubutun kakansu ne. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Mai yiwuwa kuma littafin ya fito ne daga wata maɗaba'a ta Kano shekaru hamsin da suka wuce, ya sha hannu da hayaƙi har ya yi kama da abin ƙarni na 19. Wanda ya ɗauki ɗab'i a matsayin rubutun hannu zai cuci wani magaji wajen ƙima, ko ya gina bincike a kan tubalin toka. Wanda kuma ya ɗauki rubutun hannu a matsayin ɗab'i zai bar wa gara abin da ba shi da na biyu a duniya.

Matsalar ba ta wannan yanki kaɗai ba ce. Ben Enwonwu ya zana hoton nan mai suna Tutu a shekarun 1973 da 1974, aka buga kwafinsa aka rataya a gidaje da yawa a Nijeriya, alhali zanen ainihi ya ɓace wa jama'a. A 2017 aka gano ɗaya daga cikin zanen a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Hoto ɗaya ne ido yake gani a bango, amma ɗayan fenti ne da hannun mai zane ya shafa, ɗayan kuwa takarda ce da inji ya tofa wa tawada. A ƙasar Hausa fasahar zane mai launi ba a kan allon bango ta fi bunƙasa ba. Ta zauna ne a cikin Alƙur'ani rubutun hannu da allon sauka, da sunan zayyana, saboda haka a nan ne tambayar asali da kwafi take da nauyi. Wannan maƙala za ta duba alamomin da ake bi a raba aikin alƙalami da aikin inji, da kuma iyakar abin da kowace alama take iya tabbatarwa.

Dalilin rikicewa

Tambuwal gari ne mai tsohon tarihin karatu. Ribaɗi ne na Daular Sakkwato, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna, shi kansa malami ne kuma mawaƙi da Larabci. Garin ba shi da nisa da Gwandu, mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma yana kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega. Kebbe tana kudu da shi, a ƙarshen Jihar Sakkwato ta wannan fuska. Wurin da malamai da fatake suka daɗe suna ratsawa ba ya rasa tsofaffin littattafai, kuma wannan hanya ɗaya ita ce daga baya ta kawo littattafan kasuwa daga Kano da Zariya da Sakkwato. Don haka a gafaka ɗaya ake samun iri biyun a cakuɗe.

Abin da ya sa ido yake ruɗuwa shi ne yadda aka yi ɗab'in. Almajirin da ya tashi da riwayar Warshu da rubutun Magaribi, inda fa'un take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma take da ɗigo ɗaya a sama, bai saki jiki da haruffan ƙarfe irin na Gabas ba. Masu buga littattafai suka gane cewa kasuwa tana son abin da ta saba gani. Sai suka riƙa ba gwanin rubutu aiki ya rubuta littafin da hannunsa, a ɗauki hoton kowane shafi, a mayar da shi kan farantin bugu, a fitar da dubbai. Tushen wannan dabara shi ne bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796. An fara amfani da shi a Maroko a wajajen 1865, littattafan Fas suka shahara da shi. A farkon ƙarni na 20 aka inganta shi ya zama bugun ofset, inda tawada take bi ta kan roba kafin ta sauka a takarda. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da hukumar NORLA wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, da maɗaba'u na Kano irin su Oluseyi da Northern Maktabat, duk sun fitar da littattafan Larabci da na ajami masu siffar rubutun hannu. Alƙur'anan da Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta an buga su ta wannan hanya, sun bazu a makarantun allo. Masu bugun ba su tsaya ga rubutu ba. Sun bar takardun warwarau, sun riƙe kalmar nan da ake rubutawa a ƙasan shafi don nuna farkon shafi na gaba, mai saye kuma ya kai wa baduku ya yi masa tadarishi da gafaka kamar na kakanni.

Ya kamata a lura cewa babu niyyar yaudara a cikin wannan. Sunan maɗaba'a yakan fito a takardar farko ko ta ƙarshe. Sai dai a littafi warwarau waɗannan takardu biyu su ne suke fara yagewa ko ɓacewa, kuma da zarar sun tafi littafin ya rasa shaidarsa.

Shaidar tawada

Marubucin gargajiya yana aiki da alƙalamin gamba ko na kara, yana tsoma shi a tawada. Alƙalamin yakan ɗauko tawada da yawa, ya rubuta kalmomi kaɗan, ya fara bushewa, a sake tsomawa. Wannan numfashi na alƙalami yana bayyana a shafi. Idan aka bi layi ɗaya da gilashin ƙara girma, wanda yake ninka abu sau 10, za a ga baƙi ya yi ƙarfi, ya riƙa raguwa a hankali, sa'an nan ya dawo da ƙarfi farat ɗaya. Za a ga inda tawada ta taru a wutsiyar harafi, wurin da aka ɗaga alƙalami, da inda layi ya hau kan layi ya ninka duhu. Wani lokaci bakin alƙalami yakan buɗe ya bar siririn fari a tsakiyar harafi. A ɗab'i irin na kasuwa hoton da aka ɗauka ba ya riƙe waɗannan matakai na duhu. Abu ko dai baƙi ne ko fari. Saboda haka harafi yakan fito da duhu iri ɗaya daga kansa har wutsiyarsa, inda alƙalamin asali ya dushe kuwa sai a ga harafin ya kakkarye ko ya ɓace ɗungum.

Tawadar kanta iri biyu ce. Akwai ta allo, wadda ake yi da zuge ko baƙin tukunya a haɗa da ƙaro. Ita tana zama ne a bisan takarda, tana da ɗan sheƙi saboda ƙaron, ruwa kuma yana wanke ta, shi ya sa ta dace da allo da rubutun sha. Akwai kuma yambari, wanda ake yi da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, shi ne aka fi so wajen rubutun Alƙur'ani don yana kama takarda. Sinadarin ƙarfe da ke cikinsa yakan sa shi juyawa zuwa ruwan ƙasa da daɗewa, ya yi wa harafi inuwa a kewaye, ya ɓullo ta bayan takarda, wani lokaci har ya cinye ta ya bar rami mai siffar harafin. Tawadar maɗaba'a da mai ake haɗa ta. Ba ta narkewa a ruwa, ba ta cin takarda ta wannan hanya, kuma ko ta shekara sittin baƙinta yana nan. A nan akwai abin gargaɗi. Mutane da yawa sun san wannan bambanci, sai su lashi yatsa su goga a harafi don su gani ko zai goge. Gwajin yana ba da amsa, amma idan amsar ita ce rubutun hannu ne, to an riga an ɓata shi. Ba a yin wannan gwaji a kan abin da ake zaton yana da daraja, balle a kan ayar Alƙur'ani.

Launi shi ne ya fi saurin tona asirin inji. A al'ada marubuci yakan gama baƙaƙe, ya dawo da jan alƙalami ya sa wasulla, ya ɗiga hamza da rawaya, a wasu kwafe-kwafen kuma ya sa kore a alamar wasali na haɗi. Sa'an nan ya cika alamar aya mai ƙwaya uku, da kumsa a kowace aya ta biyar, da kuri a kowace ta goma, da da'irorin sumuni da rubu'i da nusufi da hizbi a gefen shafi har izu sittin su cika. Da yake hannu ne, kuskurensa ba ya bin tsari: wannan fataha ta ɗan karkata dama, waccan ta ɗan yi sama, rawaya ta tsallake iyaka a wannan aya, ta kasa cika waccan. Inji kuwa kowane launi da farantinsa, takarda tana shiga sau biyu ko uku. Idan farantin ja ya goce da ɗan kaɗan, to dukkan wasullan shafin za su goce tare, fuska ɗaya, gwargwado ɗaya. Wanda ya ga ja ya zame hagu a saman shafi, ya duba ƙasan shafi ya ga ya zame hagu daidai haka, ya gama bincikensa.

Akwai wata alama da littattafan Turai suke yawan ambata, watau ɗige-ɗige. Idan za a buga hoto mai launuka da yawa, akan rarraba shi zuwa launi huɗu: shuɗi mai haske, da ja mai ratsin shanshanbale, da rawaya, da baƙi. Kowanne yakan sauka a matsayin ƙananan ɗigo a jere, ido ya haɗa su daga nesa. A ƙarƙashin gilashi sukan fito kamar saƙar rariya ko ƙananan furanni. Injin kwamfuta mai fesa tawada shi ma yana barin ɗigo, sai dai nasa a warwatse suke kamar yayyafi. Ganin ɗigo hujja ce yankakkiya cewa ɗab'i ne. Rashin ganinsa kuwa ba hujja ba ne, kuma a nan ne masu bincike da yawa suke tuntuɓe, domin yawancin littattafan kasuwa na Kano da Zariya ba a buga su da ɗigo ba. An zuba ja ne zalla, rawaya zalla, kowanne a shafe. Ƙa'idar da aka koya daga hotunan kalanda ba ta wadatar a nan.

Abin da hannu yake bari a jikin takarda

A ɗauki tocila a ɗaki mai duhu, a kwantar da ita a gefen shafi yadda haske zai bi fuskar takarda a kwance. Wannan dabara ita ce masu duba zanen fenti suke amfani da ita don ganin sawun buroshi, tana kuma aiki a kan zayyana. Launin da aka dama da ƙaro yana da kauri. Yakan yi tudu kaɗan, ya tsattsage, ya ɓanɓare a inda takarda take lanƙwasa, musamman rawaya da ja na ƙasa. Manyan zayyanoni masu kusurwa huɗu da ake yi a farkon Baƙara da A'arafi da Maryam da Sad, inda Alƙur'ani ya kasu kashi huɗu, su ne wuri mafi kyau na wannan dubawa, domin a nan mai zayyana ya fi zuba launi. Idan an zana da'irar hizbi da kamfas, akan sami ɗan hudar tsini a tsakiyarta. Idan an shata layi kafin rubutu, da tsinke ko da allon zare da ake danna takarda a kai, sawun yana nan ko da babu tawada a cikinsa. Shafin ofset kuwa sumul yake kamar tafin hannu. Fotokwafi, wanda ya fara yaɗuwa a duniya bayan fitowar injin Xerox 914 a 1959, yana da tasa alamar: garin tawada ne aka narkar da zafi, yana zaune a bisa yana ƙyalli, yana karyewa a kan ninki, yakan manne wa takardar da ke fuskantarsa, kuma akan ga baƙin ƙura a warwatse a farin fili.

Bayan haka sai a juya takardar. Duk abin da ya sami littafi na gaske a jikinsa ya same shi. Idan ruwan ɗaki ya zubo masa, tabon zai fito gaba da baya, ya bi takardu goma ko ashirin a wuri ɗaya yana raguwa. Idan gara ko ƙwaro ya huda shi, ramin zai ratsa takardu a jere, haske kuma zai bi ta ciki. A hoton tsohon littafi tabon yana fuska ɗaya kawai, ramin kuma baƙin ɗigo ne da aka buga. Sai dai kada a manta cewa littafin ɗab'i shi ma yana tsufa. Wanda aka buga a 1965 ya sha damina sittin a ɗakin ƙasa, yana da tabonsa na gaske da raminsa na gaske. Tsufa shaida ce ta shekaru, ba ta faɗin ko hannu ne ko inji.

Takarda

A nan ne ilmin ya fi zurfi, kuma a nan ne aka fi samun abin da zai taimaka wajen ƙiyasta zamani. Ba a yin takarda a ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Fatake ne suke kawo ta ta hamada daga Tarabulus da Masar, asalinta kuwa yawanci daga arewacin Italiya. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambaci takarda mai tambarin wata uku a cikin hajar da ake kawowa. Wannan tambari ba bugawa aka yi ba. A cikin jikin takarda yake, ya samu ne daga wayar da aka ɗinka a kan rariyar da ake tace ɓawon tsumma, don haka ba ya ganuwa sai an ɗaga takarda an fuskanci haske. Wanda ya yi haka zai ga jinjirin wata uku a jere, suna raguwa a girma, ko fuskar wata a cikin garkuwa, ko sunan Andrea Galvani na Pordenone, gidan da takardarsa ta cika kasuwannin Masar da Sudan da ƙasashen nan. Zai kuma ga siraran layuka a matse, da wasu masu faɗin tazara da suka gitta su, sawun rariyar ke nan. Michaelle Biddle, wadda ta yi nazarin takarda da tawada a taskokin littattafai na Arewacin Nijeriya, ta nuna cewa bambance-bambancen waɗannan tambura suna iya taimakawa wajen kusanto da shekarun rubutu.

Takardar maɗaba'a ta ƙarni na 20 ta inji ce, daga itace. Ba ta da waɗannan layuka, takan yi ja-ja ta bushe ta riƙa karyewa daga gefe, an kuma yanke ta da wuƙar inji, ɗaruruwa a sara ɗaya, shi ya sa gefen littafin yake miƙe sak. Daga shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari. Irin wannan takarda tana haskawa da shuɗi a ƙarƙashin fitilar nan da 'yan kasuwa suke duba jabun kuɗi da ita. Takardar da ta haska haka ba ta ga zamanin Muhammadu Buhari ba, ko me aka rubuta a ƙarshenta.

Amma tambari ma yana da iyaka. Yana faɗin lokacin da rubutu ba zai riga ba, ba ya faɗin ranar da aka yi shi. Takarda tana iya yin shekaru a hanya ko a adakar malami kafin alƙalami ya taɓa ta, an kuma ci gaba da yin tambarin wata uku har cikin ƙarni na 20, wasu masana'antu ma sun kwaikwaye shi saboda farin jininsa. A ɗaya gefen, marubutan wannan zamani suna rubuta Alƙur'ani da hannu a kan takardar inji. Sabuwar takarda ba ta nufin ɗab'i. Haka launi: rinin kanti irin su garura sun samo asali ne daga rinin sinadari da William Perkin ya gano a Ingila a 1856, saboda haka shafin da aka ƙawata da shanshanbale mai kaifi yana iya zama aikin hannu tsantsa, amma ba daga zamanin Shehu ba, wanda ya rasu a 1817.

Asali a wace ma'ana?

A fasahar Turai asali ɗaya ne, sauran duk kwafi. A al'adar malaman ƙasar nan ba haka abin yake ba. Littafi yana rayuwa ne ta hanyar kwafa. Ɗalibi ya ari na malaminsa ya juya, nasa ɗalibin ya juya daga nasa, ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin jabu. Saboda haka tambayoyi uku ne a gaban mai bincike, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne babban kuskure. Hannu ne ko inji? Idan hannu ne, na wane zamani? Kuma hannun wa? Ta farko tana da sauƙi, gilashi da tocila suna warware ta. Ta biyu tana bukatar sanin takarda da launi da salon rubutu. Ta uku kuwa sau da yawa ba ta da amsa sai an sami wani rubutu tabbatacce na mutumin an gwama.

Rubutun ƙarshen littafi, inda mai kwafa yake faɗin sunansa da na mai littafin da ranar gamawa, shaida ce mai daraja. Da irinsa ne A. D. H. Bivar ya nuna a 1960 cewa wani Alƙur'ani na Barno an kammala aikinsa a 1669. Amma ana karanta shi da hattara. Mai kwafa yakan juya har da ƙarshen littafin da ya kwafa daga gare shi, da tsohon suna da tsohuwar shekara, ba don ya ruɗi kowa ba, sai don amana. Inji kuma yana ɗaukar hoton wannan shafi kamar kowane shafi. Gidan da yake riƙe da littafi mai sunan wani babban malami a ƙarshe, yana iya kasancewa yana riƙe da rubutun malamin, ko na jikan ɗalibinsa, ko ɗaya daga cikin kwafi dubu biyar. Hanya mafi sauƙi ta raba gardama a nan ita ce a nemo wani kwafin a gidan maƙwabci ko a rumfar mai littattafai, a buɗe shafi ɗaya a jera. Marubuci ɗaya ba ya maimaita shafi sau biyu daidai wa daida. Idan ɗigon tawada da ya ɗiga bisa kuskure ya fito a duka biyun, a wuri ɗaya, to faranti ɗaya ne ya haife su.

Akwai kuma littattafan da suke tsakani, su ne suka fi ban sha'awa. Akan sami Alƙur'ani tsohon rubutun hannu wanda takardu kaɗan suka ɓace, aka cike gurbinsu da sabon rubutu ko da fotokwafi. Akan sami ɗab'i baƙi zalla wanda mai shi ya bi da jan alƙalami. Akan sami Risala ko Ishiriniya bugun kasuwa wadda malami ya cika tsakanin layukanta da fassarar kalmomi cikin ajamin Hausa ko Fulatanci. Irin wannan littafi jikinsa ɗab'i ne, amma abin da ke gefensa ba shi da kwafi a ko'ina, kuma ga mai nazarin karin harshen Sakkwatanci ko hanyar koyarwar zaure, gefen ya fi tsakiyar amfani. Don haka ba a yanke hukunci da takarda ɗaya. Ana bin littafin ne daga farko har ƙarshe.

Allon zayyana da ake ba almajiri ranar saukarsa yana ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Wani akan zana shi a jikin itacen, wani a kan takarda a manna, kamar yadda Salah Hassan ya bayyana a littafinsa na 1992 kan fasaha da ilmin Musulunci a ƙasar Hausa. Mannannar takarda ba ta isa a ce ɗab'i ba ce. Sai an duba kaurin launi da sawun ma'auni da kuskuren hannu, kamar yadda aka yi wa shafin littafi.

Darajar kwafi da haƙƙin asali

Bai kamata a fahimci wannan bayani a matsayin raina ɗab'i ba. Littattafan kasuwa sun sauƙaƙa karatu ga wanda ba shi da kuɗin ba marubuci aikin watanni, sun kuma adana hannun gwanaye da dama waɗanda ba a san inda rubutunsu na ainihi ya shiga ba. Tsofaffin bugun Kano da Zariya su kansu sun zama abin tarihi, kuma taskoki kaɗan ne suka kula da tattara su. Haka nan hoton rubutu da aka buga da sunansa na hoto aiki ne na ilmi. Jean Boyd da Beverly Mack sun sa hotunan rubuce-rubucen asali a cikin tarin ayyukan Nana Asma'u da suka fitar a 1997, mai karatu yana ganin ajamin da idonsa ba tare da ya taɓa takardar ba. Aibi yana zuwa ne idan aka sayar da kwafi da sunan asali, ko aka karɓi asali daga hannun magada aka mayar musu da fotokwafi a cikin tsohuwar gafakarsu.

Doka ta san wannan bambanci. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta lissafa rubutun hannu na gida da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi, waɗanda ba a fitar da su daga Nijeriya sai da izini. Gidan da yake shakkar abin da ke hannunsa yana da inda zai kai a duba a gwama: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Kafin a kai ga haka, abin da ake bukata daga mai littafi kaɗan ne. Kada ya liƙa salatif a inda ya yage, kada ya rufe takarda da roba mai zafi, kada ya raba takardun tsakanin magada, kowa da izu kaɗan don tabarruki. Ya rubuta a wata takarda dabam sunan wanda ya gada daga gare shi, da wanda shi ma ya gada, da garin da aka ce an rubuta littafin, ya sa a cikin gafakar.